Ƙurajen Auduga da Dokokin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta kai nisan da ke tsakaninmu, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki da masu jegon da ke hannunku. Allah Ya sa aikin ungozoman nan ya zame miki hanyar lada. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Malam ta yi sauƙi, har yana hawa matakalar shagonsa ba tare da ya tsaya a tsakiya yana salati ba. Ni kuma idona ne ya soma yi mini gardama wajen zura zare a allura, amma ɗinki bai tsaya ba. Maƙwabciyarmu mai kitso tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki wa yake taɓa miki kai a can.

Direban motar magani ya ce duk bayan mako biyu yake hawa wajenku. Tunda waya ba ta shiga asibitin nan naku na bayan duwatsu, ta hannunsa za mu riƙa jin juna. Mutumin kirki ne, ko zama bai yarda ya yi ba don kada ya ɓata mini lokaci.

Magenki Auduga tana nan. Takardar dokoki goma sha biyu da kika bar mini na manna ta a bayan ƙofar kicin, kullum sai na bi ta kamar mai tilawa. Kifi ana cire ƙaya, ruwa sabo safe da yamma, kwanon yashinta ana sauyawa. Ko bakin ƙofar gida ba ta taɓa leƙawa ba, kamar yadda lamba ta huɗu ta ce. Bargon nan na Inna, Allah Ya jiƙanta, wanda kika shimfiɗa mata a ƙarƙashin teburin da nake yankan yadi, ban bari ko ɗigon ruwa ya taɓa shi ba, tunda kin rubuta a lamba ta tara cewa ƙamshinki da ke jikinsa shi zai hana ta kewa. Kin dai san ni da wanki. Wata uku ke nan ina wuce shi ina kawar da kai.

Sai dai akwai wani ɗan abu, ban so in ɗaga miki hankali kina tsakiyar aiki. Kwanan baya ta zo ta hau cinyata, ba ni na kira ta ba, da na kai hannu sai na ji wasu 'yan ƙuraje a wuyanta da gindin wutsiya, ƙanana kamar tsakuwar yashi, masu ɗan ɓawo a kai. Tana ɗan sosawa. Wataƙila ba komai ba ne. Amma in ba za ki damu ba, in kuma kin ga ya dace, da na so in nuna ta ga likitan dabbobin da ke bayan tashar mota. Lamba ta huɗu ta hana fita da ita, ta bakwai ta hana ba ta magani ba da saninki ba, shi ya sa nake neman izini.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ki kula da sallarki komai yawan aiki.

Yayarki.

*

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, Allah Ya bar zumunci. Lafiyata lau, sai gajiya. A gaida mini angonki Malam, a ce masa ya rage hawa da sauka, ba yaro ba ne. Mai kitso kuwa ki ce mata kaina yana nan yadda ta bar shi, sai dai in ta gan shi ba za ta gane aikinta ba.

Yaya, wurin nan sai wanda ya gani. Mu biyu ne rak a kan ƙauyuka tara. Jiya haihuwa huɗu na karɓa, ɗaya tagwaye, uban ya suma mana a baranda sai da muka bar mai jego muka koma kansa. Wannan takardar ma a kan gwiwata nake rubuta ta, direba yana ta danna mini hon.

Wallahi na ji daɗi da kika ce Auduga har cinyarki take hawa! Ke da kika ce ko da sanda ba za ki taɓa ta ba. Na san za ku shirya. 'Yan ƙurajen nan zafi ne kawai, duk shekara in zafi ya shigo takan ɗan zubar da gashi. Kada ki sa wa ranki damuwa.

Don Allah ki aiko mini da silifas, nawa ya tsinke, da sabulun wanka da batirin tocila. Ki ja wa Auduga kunne a madadina.

Taki,
Auta.

*

Litinin, 17 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya raya abin da kuke karɓa. Mu nan lafiya, Malam yana amsawa. Ga silifas da sabulu da batir na ba direba a ƙulle cikin baƙar leda.

Na karanta takardarki sau uku, na juya bayanta ko akwai ci gaba. Babu. Auta, tambaya na yi miki, ba ki amsa ba. Ban ce mun shirya da magenki ba, ban kuma ce lafiyarta lau ba. Allah Ya huci zuciyarki in maganata ta yi kauri, amma wannan ba zafi ba ne.

Ƙurajen sun bi gadon bayanta tun daga ƙeya har wutsiya. In na bi da hannu ji nake kamar ina shafa bangon da ba a yi wa filasta ba. Susa kuwa ba ta hutawa. Tana cikin cin abinci sai ta saki, ta ɗaga ƙafar baya ta hau wuyanta da farce, kamar keken ɗinkina in na taka shi da sauri. Ta lashe cikinta har ya yi tas, jar fata a waje. Ranar Juma'a na shimfiɗa sallaya na tafi alwala, na dawo na tarar da ɗigon jini uku da ɓawo a daidai wurin sujada. Na wanke, na shanya, na yi salla a kan zani. Asabar ma haka. Yanzu sallayata a saman kabad take zama, sai ka ce ni ce baƙuwa a ɗakin.

Wata da nake yi wa ɗinki ta zo gwajin riga, Auduga ta fito daga ƙarƙashin tebur tana miƙa. Matar ta ja da baya ta ce, "Lah! Wannan ai kirci ne. A kan yadina take kwana?" Na ce a'a, bargonta daban. Ta ce duk da haka in ba ta kayanta. Na naɗe na miƙa mata, hannun riga ɗaya ko haɗawa ban yi ba.

Mai kitso kuma ta shigo mini da baƙin mai a gwangwani, irin na injin mota, wai haka babanta yake yi wa awaki. Ta ce, "Ki shafe ta tas, kwana uku ko ta warke ko ta huta." Na ce ba ni da izinin mai ita. Ta ce, "Mai ita tana bayan duwatsu, ke kina nan kin zama 'yar aikin mage!" Na ba ta kujera. Da za ta tafi na bi ta da gwangwaninta.

Jiya Malam ma ya sa baki. Ya tsaya yana kallon magen tana cizon bayanta, ya ce, "Ke dai da bin doka, da an san da ke da tuni an ba ki alƙalanci." Sannan ya ce dabba tana da hakki, kuma ranar da za a tambaye ni ba takardar bayan ƙofa za a buɗe ba. Maganar ta tsaya mini a rai, don da shi da ni duk an karantar da mu wannan. Amma ke ma kina da hakki. Amana kika ba ni, da bakinki kika ce in yi miki alkawari a kan dokokin nan, na kuma yi.

To ga tambayar, na ware ta ita kaɗai don kada ta ɓace miki:

In kai ta wurin likita, ko kada in kai?

Yayarki.

*

Litinin, 31 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Direba ya zo yau yana sunkuyar da kai. Ashe motar ce ta lalace wancan zuwan, wasiƙata tana nan cikin aljihun mota tare da silifas ɗinki. Mako biyu ina jiran amsar takardar da ko gari ba ta bari ba. Na ce masa Allah Ya kyauta, me zan ce?

Ba zan maimaita ba, ki fara karanta waccan. Ƙari a kai shi ne wurin da take cizo, kusa da wutsiya, ya buɗe. Gyambo ne yanzu, faɗinsa ya kai murfin kwalba. Na ɗinka mata 'yar riga da guntun yadi mai laushi don haƙori ya daina kaiwa, bayan na duba takardarki na ga babu inda ta hana riga. Minti goma ba a yi ba ta tuɓe ta, ta ja ta har cikin kwanon yashi ta ajiye. Ina goge wurin da ruwan ɗumi kawai, ruwa dai ba magani ba ne.

Na gaji, Auta. Ban taɓa karɓar kayan wani ya lalace a hannuna ina kallo ba. Ki ba ni amsa.

Yayarki.

*

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiya nake. Na ga saƙo, na gode.

Takardunki biyu na karanta a tare, kuma wallahi tun ɗazu ban iya sa komai a bakina ba. Mage na bar miki fara sol, ko tabo babu. Wata huɗu kacal! Me aka ba ta? Ko sabulun nan naki mai yaji da kike goge daɓe da shi sau biyu a rana ne ya cinye mata fata? Na san ki, Yaya, ko inuwar mutum ce ta faɗi a tsakar ɗakinki sai kin bi ta da tsumma.

Kuma na gane abin da ke ƙarƙashin maganar. Sallaya a saman kabad, mai ɗinki ta kwashe kayanta, Malam ya yi magana, "na gaji". In kin gaji da ita ki faɗa mini kai tsaye, ba sai an jero mini shaidu ba.

Batun likita, a'a. Kin manta yadda na rasa uwarta? A kwando na ɗauke ta zuwa wurin allura, ta ji ƙarar motoci a tasha ta ɓalle murfi ta faɗa titi, a kan idona. Shi ya sa na rubuta lamba ta huɗu, ba don in wahalar da ke ba. Ke ko riƙe mage ba ki iya ba. Na nemi hutun kwana uku, Asabar sha biyu ga wata ina hanya, ni zan kai ta da hannuna. Kafin nan kada a shafa mata komai, kada a fita da ita. A bar ta a kan bargonta ta huta.

Auta.

*

Talata, 15 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Mu nan lafiya. Ban san abin da ya riƙe ki ba, Allah Ya sa ba jikinki ba ne.

Zan fara da laifina. Na karya lamba ta huɗu, na karya ta bakwai, na karya ta tara. Da sanina na yi, ba mantuwa ba ce.

Ranar Asabar na share ɗakinki, na dafa abinci, na zauna ina sauraron kowace mota. Lahadi ma haka. Ita kuwa Auduga tun Juma'a ta daina ci. Kifi na marmasa da yatsa na kai bakinta, ta juya kai. Ta shige ƙarƙashin tebur ta dunƙule, ko susar ma ba ta da ƙarfin yi, sai fatar bayanta ke motsi ita kaɗai. Gyambon ya soma ruwa yana wari. Jiya da safe na tsaya gaban takardarki na karanta ta daga sama har ƙasa, na ce Auta ta yafe mini ko kada ta yafe.

Maganar uwar Auduga ban manta ba, shi ya sa ban sa ta a kwando ba. Jaka na ɗinka da yadin katifa mai kauri, na sa zif, na huda ƙofofin iska na bi bakinsu da zare kamar gidan maɓalli. Na sa ta ciki, na ɗaure a gabana ƙarƙashin mayafi. Malam ya rufe shago ya raka ni, muka bi lungun bayan makaranta don kada mu ratsa tasha. Tun daga gida har can kuka take, mutane suna waiwayowa suna kallon mace mai shekara hamsin da cikinta ke kukan mage. Malam ya yi gaba da taku goma kamar bai taɓa ganina ba.

Likitar mace ce, 'yar ƙarama da ita, ko ke ba ta kai ba. Ta ɗora ta a tebur, ta buɗa gashin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mama, tun yaushe?"

Na ce, "Mako shida da 'yan kwanaki."

"Mako shida! Me kuke jira?"

Na ce izini.

"Izinin wa?"

Malam ya ce, "Likita, kada ki tono wannan, sai mu kai la'asar a nan."

Ta kawo mataji mai ƙananan haƙora ta taje ta a kan farar takarda. Wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo kamar garin gawayi. Ta ɗiga musu ruwa, sai ga su sun narke sun koma ja. Ta ce, "Kin gani? Kashin ƙuma ne. Jan nan jininta ne da suka sha." Na ce ni ban taɓa ganin ƙuma ko ɗaya a jikinta ba, ɗakina kuma sau biyu ake goge shi a rana. Ta ce mage tana lashe su ta haɗiye, kuma akwai wadda jikinta ba ya jure cizonsu, ko kaɗan ne sai ta fesar da irin waɗannan ƙurajen. Zubar gashin da kike cewa zafi ne duk shekara, ta ce da alama shi ne wannan ɗin, bana ne ya yi ƙarfi. Ba kirci ba ne. Ba kuma sabuluna ba ne, sau biyu na tambaye ta, na ce ta maimaita Malam ya ji. Sannan ta ce ƙwan ƙuma ba a jikin mage yake zama ba, inda take kwanciya yake zuba.

"A kan me take kwana?"

"A kan bargo."

"Yaushe rabon a wanke shi?"

Auta, ni da ake yi wa tsiya a kan wanki tun muna yara, ni na buɗe baki na ce wa 'yar cikina wata huɗu da rabi, abin da na sani ke nan. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dai gyara tabarau, wannan ya fi mini zagi.

Ta wanke gyambon, ta yi mata allura, ta ɗiga mata wani magani a ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, ta ce a maimaita duk wata. Ta ba ni na sha na kwana bakwai. Ta ɗaura mata wani abu a wuya kamar mazurari don kada baki ya kai ga ciwon. Na ba ta labarin baƙin mai, ta ce da na shafa da yanzu wani zancen ake yi. Ta kuma ja mini kunne a kan maganin ƙuma na kare da man shafawa na mutane, ta ce suna iya kashe mage. Nan kaɗai takardarki ta yi mana rana, na faɗa ne don kada in zalunce ta.

Da muka dawo na ɗaga bargon da sanda. Ba zan gaya miki abin da na gani a ƙarƙashinsa ba. Na ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, na tsoma shi. Na san ulu ne, na kuma san abin da ruwan zafi ke yi wa ulu, aikina ne. Ya tsuke, Auta. Bargon da Inna take rufa har ƙafa yanzu bai fi sallaya ba, ya yi tauri, jan ya shiga cikin farin. Na tsaya a kansa na yi kukana, don ni ma uwata ce. Sannan na kwashe yaduka na baza a rana, na share ƙarƙashin tebur da kowane lungu, na ƙone sharar.

Kin ce na jero miki shaidu don in rabu da ita. Ban saba mayar da magana ba, amma wannan ta yi mini ciwo. Da rabuwa nake so, da tun ranar sallaya na bar ƙofar gida a buɗe na shiga kicin.

Yau da safe ta ci kifi kaɗan. Tana yawo tana karo da ƙafar tebur saboda mazurarin, tana hararata kamar ni na gayyato ƙumar.

Na saɓa alkawari, ina neman afuwarki. Amma da za a mayar da ni baya haka zan sake yi, sai dai in yi shi tun farkon Maris.

Yayarki.

*

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yayata,

Ina gaishe ki a durƙushe, ina gaida Malam. Lafiyata ƙalau. Abokiyar aikina ce zazzaɓi ya kwantar, aka soke hutun, ba kuma wanda zan aika.

Na karanta takardarki a tsaye, na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Ni ce ma'aikaciyar lafiya. Ni nake tara mata a baranda ina yi musu faɗa a kan wanke shimfiɗar jarirai, ni kuma na rubuta da hannuna cewa kada a wanke bargon mage. Yaya, rabon bargon nan da ruwa tun rasuwar Inna. Shekara biyu. Kuma ba don Auduga na hana ba, ƙarya na yi miki a takardar. Ba ƙamshina ba ne a jikinsa, na Inna ne. Na san in na bar shi a ɗakina ranar farko za ki jiƙa shi, na kuma kasa gaya miki dalili, sai na laƙa wa mage.

Na yi kuka da na ji ya tsuke. Ki ajiye mini shi haka, ko ya koma kamar hankici.

Maganar sabulu da ta shaidu, ki yafe mini, bakina ne ya riga hankalina. Amma Yaya, ke ma don Allah! A asibiti wanda ya fi jin jiki shi ake fara shigarwa. Ke kuwa sai da kika gama da gwiwar Malam da kitso da kirkin direba, sannan a can ƙasa "wani ɗan abu", "wataƙila ba komai ba ne". Ni da nake karantawa da safar roba a hannu ɗaya, ana kirana daga ɗakin haihuwa! Nan gaba in gida ya kama da wuta ki fara da wutar, gaisuwa ta biyo baya.

Ki yage takardar nan ta bayan ƙofa. Wahalar da na ba ki kuma ta isa haka. Na rubuta wa ƙawata mai kantin magani, za ta zo ta ɗauki Auduga ta riƙe ta har in gama wata biyar ɗin da suka rage mini. Ki samu ki huta, masu ɗinkinki su dawo.

Ƙanwarki mai laifi,
Auta.

*

Litinin, 28 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Wannan kam ba zan tsallake ta ba ko gida na ci da wuta. To ga wutar: ƙawarki ta zo, na mayar da ita.

Yanzu kuma ina gaishe ki. Allah Ya ba abokiyar aikinki lafiya. Mu nan ƙalau, Malam yana gaisuwa. Na yafe miki, ke ma ki yafe. Da kin gaya mini gaskiyar bargon tun farko, da mun zauna mun yi kukan tare, mun nemo wa mage wani tsumma. Na ninke shi na sa a akwatinki. Takardar dokokin na cire ta, amma ban yaga ba, da bisimilla kika buɗe ta. Ita ma tana cikin akwatin.

Ranar Alhamis ƙawar taki ta iso, da kwali ɗaure da igiya. Yarinya mai fara'a, ba ni da abin cewa a kan tarbiyyarta. Na ce ta zauna, na yi mata tambaya biyu. Na ce yaushe za a maimaita maganin ƙeya? Ta ce, "A'a, Mama, ba an gama ba?" Na ce a ina za ta riƙa kwana? Ta ce, "Akwai kafet a falo, mai laushi. Ga kuma karen mai gidanmu a tsakar gida, sai su riƙa wasa." Kafet, Auta. Da kare. Na kawo mata shayi ta sha, na raka ta bakin ƙofa da kwalinta. Ta ce, "Auta ce fa ta aiko ni." Na ce na sani, ni ma ita ta aiko ni, na kuma riga ki.

Gyambon ya bushe. Ɓawon yana zubewa da kansa, likita ta ce kada a ɓamɓare, ban kuwa taɓa ba duk da hannuna yana ƙaiƙayi. Susa ta ragu sosai. Ranar Asabar aka cire mazurarin. Tsofaffin tawul biyu na ware mata, ɗaya a ƙasa ɗaya a igiya, duk Juma'a sai sun shiga tafasasshen ruwa. Gashi ya soma tsirowa, amma bayanta har yanzu kamar kan da wanzami ya fara aski aka kira shi ya tafi.

Kada ki ɗauka sabo ne ko ƙauna. Jiya ta ture mini gwangwanin maɓallai, na yi rabin sa'a a durƙushe ina tsinta da wannan idon nawa, tana zaune a kan keke tana kallona. Malam har cewa yake in ya yi sallama yanzu mu biyu ke amsawa. Wadda ta kwashe yadinta kuwa ba ta dawo ba, Allah Ya haɗa ta da telan da ba shi da mage.

Abin da ya sa ɗaya ne. Lafiyayya na karɓe ta, ba kuma zan miƙa ta ga kowa a haka ba. Ranar da gashin ya rufe, ki zo da ƙafarki, ki ɗora ta a tebur, ki bi bayanta da hannu, ki ce kin karɓa a gaban Malam. Kafin ranar nan, ko ke kika zo da kwali, shayi za ki sha ki koma.

Yayarki.